Mashaƙo Ba Ciwon Wanzami Ba Ne

Tun daga watan Disamba na 2022, sa'ad da hukumar NCDC mai lura da cututtuka masu yaɗuwa ta sami labarin ɓullar mashaƙo a Kano, har annobar ta bazu cikin Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, ta kuma bayyana a ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar a 2023, abin da likitoci suka yi ta gani bai sāke ba, watau galibin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma akasarinsu ko dai ba a taɓa yi musu allurar rigakafi ba, ko kuwa an fara an bari.

Farkon ciwon ba ya firgita kowa, nan ne kuwa hatsarinsa yake. Zazzaɓi ne ɗan kaɗan da ciwon maƙogwaro, yaro ya ƙi tuwo, uwa ta zaci mura ce. Amma bayan kwana biyu ko uku, in aka buɗe bakinsa aka haska, sai a ga wata yāna mai launin toka ta manne can ciki, wadda in an kankare ta jini ke biyo baya, wuya kuma ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya riƙa fita da ƙara. A nan ne wasu, bisa kyakkyawar niyya, kan ɗauki yaro zuwa wurin wanzami wai a cire masa beli, alhali kuwa ƙarfen wanzami, duk iya gwanintarsa a kaciya da ƙaho, ba shi da abin da zai yi wa wannan ciwo face ƙarin rauni da zubar jini da ɓata lokaci.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cutar tana fitar da dafi wanda ke bin jini ya isa zuciya da jijiyoyi, har ya zamana yaron da ake ganin ya sami sauƙi ya faɗi bayan mako biyu. Akwai makarin wannan dafi a asibiti, ana haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sai dai makarin ba ya kama dafin da ya riga ya shige cikin tsoka, sai wanda ke yawo cikin jini tukuna. Saboda haka kowace rana da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe ko ana sayen ƙwaya a kemis, daga rabon yaron aka rage ta.

Sa'an nan ga mas'alar waɗanda suka cuɗanya da majinyaci. Cutar na bin tari da atishawa, da moɗa ko ludayin da aka sha da shi, takan kuma ɓoye kwana 2 zuwa 5 kafin ta nuna kanta, mutum ma yana iya kasancewa ɗauke da ita garau yana rabawa bai sani ba. Don haka 'yan ɗaki guda, da almajiran da ke kwana zaure ɗaya, wajibi ne a kai su wurin ma'aikatan lafiya su ba su maganin kariya su kuma yi musu allura. Dubiya sunna ce mai lada, ba mai musu, amma a taƙaita ta, kada kuma a je da goyo. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, ba wanda kuma ya isa ya ce tawakkalinsa ya gaza.

Rigakafin yana cikin allurar Penta, wadda ake yi wa jariri a cinya yana da mako 6, da 10, da 14, kyauta a asibitin shan magani na gwamnati. Ɗan zafin jikin da kan biyo bayanta na kwana ɗaya ko biyu ne, kada ya sa a fasa sauran, gama guda ɗaya ba ta wadatarwa. Wanda ya warke ma yana bukatarta.

Ya kai maigida, amanar nan a wuyanka take. Karɓi katin rigakafin 'ya'yanka ka duba yau, in da giɓi a je a cike, in kuwa ka ga alamun da muka ambata, ka nufi asibiti a ranar, ko ka buga lambar NCDC ta kyauta, 6232.