Zafin Ɗakin Kwano: Silin Kaɗai Bai Isa Ba

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a wurare irin su Yola, Maiduguri da Sakkwato. A Afrilun 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A irin wannan lokaci mutane da yawa sukan bar ɗaki su kwana a tsakar gida, sau da yawa babu gidan sauro. Jarirai, tsofaffi da mata masu ciki su ne suka fi shan wuya. Masu janareta kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kunna fanka dukan dare ya zama babban kashe kuɗi.

Yawancin zafin nan daga sama yake saukowa. Kakanninmu sun yi rufi da ciyawa, ko da azara da laka mai kauri. Jinka tana barin iska ta ratsa, soro kuma yana ɗaukar awoyi kafin zafin rana ya shige shi. Mun koma ga kwano saboda ba ya bukatar gyara kowace shekara, kuma ba ma ganin laifin kowa a kan haka. Amma kwano ƙarfe ne marar kauri. Da tsakar rana yakan kai digiri 60 ko fiye, ya riƙa zubo zafi a kan mutanen ɗaki kamar wanda ya zauna kusa da garwashi. Tsohon kwano mai tsatsa ya fi sabo ɗaukar zafi, domin ya daina mayar da hasken rana.

Magani na farko shi ne silin, wato abin da zai shiga tsakaninmu da kwanon. Ba lallai sai na kanti ba. Zana mai kauri, asabari, ko karan dawa da aka jera aka ɗaure da kyau duk suna tare zafi. Wanda ya riga yana da silin na katako zai iya shimfiɗa tabarmi ko buhunan ƙaiƙayin shinkafa a kansa, muddin katakon zai ɗauki nauyin. Abin da ke tare zafin shi ne iskar da ta maƙale a cikin kayan, saboda haka kada a danne su, kada kuma a bar ruwa ya jiƙa su.

Inda gidaje da yawa suke yin hasara shi ne a tsakanin silin da kwano. Magini yakan kai bango har ya haɗu da kwano, ya toshe ko'ina da siminti don tsoron jemagu da ƙura. Sai wurin ya zama tanda. Iska mai zafi ta taru ba ta da mafita, silin ya gasu, da dare kuma ya sako zafin cikin ɗaki. Shi ya sa za ku ji mutum yana cewa ya kashe kuɗi a kan silin amma bai ga bambanci sosai ba.

Iska mai zafi sama take tashi. Idan aka ba ta ƙofar fita a can sama, aka kuma bar wata ƙofa a ƙasa inda mai sanyi za ta shigo, za ta yi ta zagayawa da kanta ba da wuta ko fetur ba. Saboda haka a bar 'yar tazara ko ramuka a ƙarƙashin bakin rufi, inda kwano ya zarce bango. Sa'an nan a buɗe ƙaramar taga a saman bangon kowane gefe, kusa da ƙolin rufi. Bulo mai ramuka yana yin wannan aiki. Rami a gefe ɗaya kawai ba ya wadatarwa. Dole iska ta sami mashiga da mafita. Kowane rami a rufe shi da ragar waya, don jemagu, ɓeraye da sauro.

Wannan dabara an gwada ta a ƙauye irin namu. A Gando, cikin Burkina Faso, wani ɗan garin mai suna Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 tare da mutanen garin. Sun yi silin da tubalin laka, suka ɗaga kwanon sama a kan sandunan ƙarfe, iska tana wucewa tsakaninsu. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004. Kwamitin gini na kowace ikilisiya da ke shirin rufe majami'a ko aji ya kamata ya tattauna wannan da kafinta kafin a sayi katako, domin gyara daga baya ya fi tsada.

Sai dai a yi hattara. Rufin da iska ke shiga ƙarƙashinsa yana bukatar ɗauri mai ƙarfi, domin guguwar farkon damina tana yaye kwano. A ɗaure katakon da bango da waya ko ƙarfe. Kara da zana suna kama wuta, don haka wayar lantarki ta bi cikin bututu, kuma kada a yi irin wannan silin a ɗakin girki. A riƙa duba gara kowace shekara. Idan gidan yana da tsohon silin na asbesto, kada a fasa shi ko a yanka shi da zarto, gama ƙurarsa tana jawo mummunar cutar huhu.

Farin fenti a kan kwano yana rage zafi sosai, amma ƙurar hunturu tana dusashe shi, sai an wanke. Itace a yammacin gida, kamar darbejiya ko mangwaro, yana kare bango daga ranar la'asar.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan girbi, sa'ad da kara da ciyawa suke a wadace. Mai hawa rufi ya hau da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ya taka a kan layin ƙusa inda katako yake ƙarƙashi.