Idan Babur Mai Lantarki Ya Ɗauke Wuta A Hanya

'Yan'uwa manoma, man fetur ya yi tsada ƙwarai bayan da aka janye tallafinsa a ranar 29 ga Mayu, 2023. Saboda haka waɗansu ƙungiyoyinmu suka haɗa kuɗi suka sayi babur mai aiki da batir. Abin yana da sauƙin kuɗi, amma yana da halinsa, kuma ya kamata mu san shi.

A kakar bara wani ɗan ƙungiyarmu ya ɗauro buhu biyu na riɗi daga Kiyako zai kai Birnin Kudu. Da ya zo wani hawa, sai babur ya yi tsit. Ya tura shi har gari, ya iske masu saye sun watse. Wani bakanike ya ce masa inji ya ƙone, sai an sayi sabo. Da suka kawo mini maganar na duba, ashe wata mahaɗar waya ce gargadar hanya ta kwance. Da ba a duba ba, da ribar riɗin ƙungiya ta tafi a banza.

To, ga abin da za ku yi, bi da bi. Kada ku fara da inji, gama shi ne ya fi wuyar lalacewa.

Na ɗaya, ku sauka gefen hanya ku kashe makunni. Ku dubi hannun birki. Akwai ɗan makunni a jikinsa mai yanke wuta in an kama birki. Idan ƙura ta hana hannun komawa mazauninsa, babur ba zai motsa ba ko da batir a cike yake.

Na biyu, ku dubi batir. Idan fitila da allon gaba sun mutu gaba ɗaya, laifin yana wajen batir, ko fis, ko babbar waya. Batirin litiyam mai bolt 48 yakan kai bolt 54.6 in ya cika. Idan ya yi ƙasa zuwa wajen 40, na'urar tsaro da ke cikinsa takan yanke wuta don kada ya lalace. Tsohon batir yakan nuna rabi a fili, amma da an ɗora masa kaya a hawa sai ƙarfinsa ya faɗi nan take. Alamarsa ita ce, in an huta kaɗan aka kunna, sai ya tashi, ya sāke mutuwa a hawa na gaba.

Na uku, ku kai hannu kusa da akwatin sarrafa wuta. A watan Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40. In aka haɗa da kaya mai nauyi da yashi, akwatin yakan yi zafi ya tsaya da kansa. Ku kai babur inuwa, ku rage kaya, ku jira ya huce. Kada ku zuba masa ruwa.

Na huɗu, ku bi wayoyin da suka shiga cibiyar tayar baya. Akwai manya uku, yawanci rawaya da kore da shuɗi, da ƙanana biyar. Ku duba ko wata ta kwance, ko ta goge, ko ta yi tsatsa saboda ruwan damina. Idan inji yana kakkarwa yana gurnani ba ya juyawa, nan ne matsalar take.

Abu biyu ne nake roƙonku. Idan fis ya ƙone, ku sa wani daidai da lambarsa, kada ku ɗaura waya a madadinsa. Kada kuma ku sa caji a ɗakin kwana ko kusa da rumbu. Batirin da ya kumbura ko yake wari, ku fitar da shi fili, ku nemi wanda ya san aikin.

Rigakafi ya fi magani. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai duba wayoyi da birki ranar Asabar, ta kuma ajiye littafi a rubuta nauyin kaya da inda babur ya tsaya. Littafin nan ne zai faɗa muku lokacin da ya kamata ku fara tara kuɗin sabon batir.

Allah ya ba mu kaka mai albarka.