Rashin Takarda Ba Ya Cinye Ladan Gumi

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna da ɗa ko ƙane da ya tafi neman abinci a wata ƙasa, takardunsa kuwa ba su cika ba. Sau da yawa mai aikin yakan riƙe kuɗinsa, in ya buɗe baki a tsorata shi da jami'an shige da fice. To, mutumin da ba shi da takardar zama yana da hakki a wurin aiki? Bari mu ɗauki misalin Amurka, inda kotuna suka daɗe suna shari'a a kan wannan batu.

Tun 1986 dokar ƙasar ta hana ɗaukar mutum aiki in an san ba shi da izini. Amma wannan bai soke dokar albashi ta 1938 ba. Duk wanda ya yi aiki dole a biya shi, da takarda ko babu. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. A yawancin ayyuka, in mutum ya wuce awa 40 a mako, kowace awa ta ƙari ana biyanta ɗaya da rabi.

A 1984, a shari'ar Sure-Tan, Kotun Ƙoli ta ce su ma ma'aikata ne a idon doka, kuma kamfanin da ya kai ƙararsu wurin jami'ai don sun shiga ƙungiyar ƙwadago ya karya doka. Sai dai akwai iyaka. A 2002, a shari'ar Hoffman, kotun ta ce wanda aka kora saboda harkar ƙungiya ba za a biya shi kuɗin watannin da ya zauna ba aiki ba, tunda ba shi da izinin aikin. Kuma waɗannan hakkoki ba sa hana a mayar da mutum gida. Abin da ya tabbata shi ne, aikin da aka riga aka yi bashi ne a kan mai aikin.

Saboda haka mu gaya wa namu da ke waje su riƙa rubuta ranaku da awoyin aikinsu, su ajiye saƙonnin waya, su nemi lauya ko ƙungiyar ƙwadago kafin su kai ƙara.

Maganar ta shafe mu a nan gida ma. Najeriya da Nijar sun shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 a shekarar 2009, wadda ta ce rashin takarda ba dalili ba ne na rage wa baƙo albashi. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 kuwa ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙodago, ɗan ƙasa ko baƙo, kafin rana ta faɗi. Idan baƙo ya yi mana noma ko gini, mu biya shi cif, a kan lokaci.