Batir Lafiya Lau, Amma Mota Ta Ƙi Tashi

Wanda ya bi hanyar Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya ratsa Tarauni da hantsi, da wuya ya rasa ganin tsohuwar mota an buɗe bakinta, yaran makaniki sun kewaye ta, mai ita na tsaye yana zargin batir. Sau da yawa kuwa batirin ba shi da laifi, an bar jaki ne ana dukan taiki. Mutum ya zuba kuɗi ya sayi sabo, bayan kwana uku ta sake ƙi. Don haka na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta inda cutar ta kan ɓuya.

Mun dai koya a aji, lantarki ba ya aiki sai ya sami hanyar fita da ta komawa. To, masu ƙera mota waya ɗaya kurum su ke kai wa ko wace fitila, watau ta zuwa. Ta komawa kuwa ƙarfen jikin motar ne kansa. Kan batir mai alamar ɗebewa an ɗaure shi da waya mai kauri a jikin mota, kuma da ya ke inji a kan roba ya ke zaune don rage jijjiga, roba kuwa ba ta bari lantarki ya wuce, sai aka sa wata saƙaƙƙiyar waya ta jan ƙarfe tsakanin inji da jiki. Ashe rabin wayarin ɗin mota noti ne da ƙarfe, ba wanda ke waiwayarsu.

Ku dubi Peugeot 504, wadda aka fara haɗa irinta a Kaduna a 1975. Wadda ta rage a hanya yau ta sha damina ba iyaka, ta sha ƙurar hunturu, an wanke ta, an sake mata fenti. Ruwa ya kan haifi tsatsa ƙarƙashin noti, fenti kuwa in ya shiga tsakanin waya da ƙarfe ya kan toshe hanya sarai. Mai fenti ya yi aikinsa da kyau, ya bar wa mai wayarin wahala.

Wani zai ce ɗan tsatsa me zai yi? Sai mu koma ga lissafin da Ohm, Bajamushe, ya bayyana a 1827: ƙarfin da ke ɓacewa a mahaɗa shi ne yawan lantarkin da ke wucewa sau tsananin toshewar. Sitata ta kan ja amfiya 200 ko kusa da haka sa'ad da ta ke juya inji. In toshewar ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na om ɗaya kaɗai, an yi hasarar bolt 2 ke nan daga cikin 12. Amma ƙaramar fitila mai jan amfiya ɗaya ba za ta san an yi ba. Wannan shi ya sa fitilu ke kamawa, rediyo na magana, amma in an murɗa mabuɗi sai a ji ƙas, shi ke nan.

Akwai wata alama mai ban dariya. Direba ya taka birki, sai fitilar sigina ta yi ɗan haske. Ya ba da sigina, fitilun baya duka su riƙa ƙifce tare. Ba aljannu ba ne. Lantarki ne ya iske hanyarsa ta komawa a toshe, ya ratsa ta cikin ƙwan maƙwabcinsa. Mafi hatsari shi ne in wayar inji ta tsinke: lantarkin sitata duka ya kan bi ta wayar totur ko ta kuloci, ta yi zafi har robarta ta narke.

Yadda za a gane kuwa ba wuya. A sami waya mai kauri irin ta ba da wuta, a maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ɗebewa, ɗayan a tsiraren ƙarfen inji, sa'an nan a murɗa mabuɗi. In ta tashi nan take, an kama ɓarawo. Mai mita kuma ya ɗora ta tsakanin wuraren nan biyu, wani ya murɗa masa. In ta nuna fiye da rabin bolt, hanyar ta lalace. Lalle ne a auna sa'ad da sitata ke aiki. A nan ne na ga masu mita da yawa na ruɗuwa, gama in ba abin da ke jan wuta, silin waya ɗaya da ya rage zai nuna kome daidai.

Maganin: a kwance notin, a goge bakin waya da jikin mota da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau, a shafa giris bisa don ruwa. Wayar da ta yi kore ko ta fara tsittsinkewa a sake ta da mai kaurinta, kada a yarda da siririya.

Saura gargaɗi biyu. In za a kwance batir, a fara cire kan da ke haɗe da jiki, shi za a mayar daga ƙarshe. In ba haka ba, sifana ta taɓa ƙarfe tartsatsi ya tashi, batir kuwa yana fitar da iska mai kama wuta. Na biyu, motocin Ingila na dā, kamar Land Rover da aka ƙera kafin 1967, kan mai alamar tarawa aka ɗaure wa jiki. Wanda aka kawo masa irinsu ya duba tukuna kafin ya sa hannu, gama wataƙila wani ya riga ya juya tsarin.