Robert Blackburn, baƙar fatar da ya buga zanen manyan Amurka a kan dutse

A gidajen tarihi na Amurka akwai zane-zanen da ke ɗauke da sa hannun Jasper Johns ko Robert Rauschenberg, amma wanda ya fitar da su a takarda wani ne daban: Robert Blackburn, ɗan baƙin haure daga Jamaika.

An haife shi a 1920, ya tashi a unguwar Harlem ta birnin New York. A can ya koyi litografi, wato buga zane daga dutse, a wata cibiyar koyar da zane da gwamnati ta buɗe lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe.

Sirrin aikin shi ne ruwa da mai ba sa haɗuwa. Mai zane yakan zana a kan shafaffen dutse da alli mai maiƙo. Sai a jiƙa dutsen, a shafa tawada, ta kama inda maiƙon yake kawai, sannan a danna takarda a kai. Da dutse guda ana samun kwafi da dama, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya saye.

A ƙarshen shekarun 1940, lokacin da wariyar launin fata ke rufe wa baƙaƙe ƙofofi, Blackburn ya buɗe nasa wurin buga zane a New York, ya ce kowa ya zo, ko daga wace ƙasa. Daga 1957 zuwa 1963 kuma shi ne babban mai bugu a kamfanin ULAE na Tatyana Grosman, inda ya yi aiki da Johns, Rauschenberg da Helen Frankenthaler. Kasuwa ta san sunayensu, nasa kuwa sai ƴan sana'a.

Buɗaɗɗiyar ƙofar tasa ta amfani ƴan Afirka. Mai zane ɗan Sudan Mohammed Omar Khalil ya yi aiki a wurin, kuma a 1978 su biyun suka taimaka wajen kafa wurin buga zane a garin Asila na Maroko.

Sai a 1992 ya samu babbar kyautar gidauniyar MacArthur, yana da shekara 71. Ya rasu a 2003, amma wurin da ya kafa na nan a New York da sunansa, matasa na ci gaba da koyon sana'ar a ciki.