Lissafin Da Ke Cikin Ƙetare Kogi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Binuwai a garin Ibi, zai lura da cewa mai fito ba ya miƙa hancin kwale-kwalensa sosai zuwa mashigin da yake nufi. Sai ya karkata shi wajen da ruwa ke fitowa. Baƙo yakan zaci ɓata hanya ne, alhali kuwa lissafi ne tsantsa.

Dalili shi ne, gudu biyu ne ke aiki a kan jirgin a lokaci guda: na matuƙi, wanda ke kai shi ƙetare, da na ruwa, wanda ke jansa gangare. A cikin littafinsa na shekarar 1638, masanin nan na ƙasar Italiya, Galileo, ya nuna cewa irin wannan tafiya ana iya raba ta gida biyu, a auna kowane kashi dabam, sa'an nan a haɗa.

A misali, a ce matuƙi yana yin kilomita 4 a sa'a, ruwa kuma yana yin 3. Da yake kowanne da inda ya fuskanta, ba za a tara su a ce 7 ba. Sai a ninka kowanne da kansa, a sami 16 da 9, jimla 25. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 25 ita ce 5. To, ainihin gudun jirgin ke nan, kilomita 5 a sa'a, a karkace.

Idan faɗin kogin kilomita 1 ne, matuƙin da ya miƙe sosai zai ƙetare cikin minti 15, amma ruwa zai gangarar da shi mita 750 daga mashigi. Wanda ya karkata kuwa zai sauka daidai, sai dai zai ci kusan minti 23.

Abin tsoro yana zuwa ne da damina. Muddin gudun ruwa ya kai na matuƙi, ko ya fi shi, babu karkatar da za ta kai jirgi mashigin da ke daura da shi. Lodi mai yawa kuma yana rage gudun jirgi. Saboda haka idan mai fito ya ce a rage kaya, ko a dakata, kada fasinja ya yi musu. Rai ya fi gaggawa.