Bashin Karatu: Uwargida, Ki Zauna Da 'Yarki Kafin Ta Cika Fom

Kwanakin baya a wajen wani suna, hira ta kawo mu kan kuɗin makaranta, sai wata baiwar Allah ta ce ita kam ta huta, domin 'yarta da ke aji biyu a jami'a ta samu "kuɗin gwamnati". An biya mata rajista, kuma duk wata ana turo mata Naira 20,000. Nan take mata suka yi mata caa, kowa na tambayar hanya. Da na tambaye ta ko ta san yaushe za a fara biya, sai ta yi turus, ta ce, "Biyan me kuma, Hajiya?"

To, 'yar uwa, wannan kuɗi bashi ne, kuma a wuyan yarinyar yake.

Babu uwar da za ta manta da 2023. A watan Mayu aka cire tallafin man fetur, abinci da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo, sannan jami'o'i da dama suka ƙara kuɗin rajista. Iyaye mata nawa ne suka sayar da ɗan kunne da tunkiya, wasu suka karɓi kwasar adashi tun kafin lokacinsu, don kada yaro ya dawo gida ya zauna? A wannan yanayi ne Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bai wa ɗalibai bashi a watan Yuni na 2023. Sai dai dokar ta zo da sharuɗɗan da ɗan talaka ba zai iya cikawa ba, musamman neman mutum biyu masu tsaya wa ɗalibi daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati ko lauyoyi da makamantansu. Ina mai sayar da ƙosai za ta samo su? Aka soke ta, aka yi sabuwa a watan Afrilu na 2024, wadda ta cire wannan sharaɗi, ta kuma cire iyakar abin da iyaye ke samu a shekara. A watan Mayu na 2024 asusun da aka kafa, wato NELFUND, ya buɗe shafinsa na intanet.

Bashin kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ba ya shiga hannun ɗalibi, kai tsaye ake tura shi asusun makarantar. Na biyu shi ne Naira 20,000 ta ɗawainiya da ke shiga asusun ɗalibin, kuma ba dole ba ne ya nema, yana iya karɓar na rajista kaɗai. Ana bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi: jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Ana buƙatar lambar JAMB, lambar ɗan ƙasa ta NIN, lambar BVN ta banki da shaidar cewa ɗalibin yana makarantar. Cika fom ɗin kyauta ne. Duk wanda ya ce ki kawo wani abu zai "shigar" da sunan ɗanki, ki riƙe kuɗinki, kuma kada yaro ya bar lambobin sirrinsa a shagon kwamfuta.

Abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali shi ne babu kuɗin ruwa a ciki. Abin da aka ba ka, shi za ka mayar. Wannan ya kawar da damuwar riba, amma bai mayar da bashi kyauta ba, kuma mun san nauyin bashi a addininmu, tunda ko gado ba a rabawa sai an fitar da shi.

Dokar ta ce ba za a fara neman biya ba sai bayan shekara 2 da gama bautar ƙasa. Mai aikin albashi, za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aiki ba, yana iya yin rantsuwar kotu cewa ba ya da wata hanyar samu, ya nemi a ɗaga masa ƙafa, amma yin ƙarya a nan laifi ne da ke kai mutum gidan yari. An kuma tanadi yafewa idan mutum ya rasu.

A nan ne nake son mu dakata, mu iyayen 'ya'ya mata. Mu ɗauka yarinya ta karɓi Naira 20,000 na wata 10 a kowace shekara. A shekara 4 ta ci Naira 800,000, ba a sa kuɗin rajista ba. Idan karatun likita ne ko injiniya, shekarun sun fi haka. Yanzu ki duba yadda al'amuranmu suke tafiya: da yawa daga 'ya'yanmu suna aji uku ake kawo kuɗin aurensu, wata ma da goyo take rubuta jarrabawar ƙarshe. Idan mijin ya ce bai yarda da aiki ba fa? Ɗaga ƙafa jinkiri ne kawai, bashin yana nan da sunanta, da NIN ɗinta, da BVN ɗinta. A ganina, kamar yadda ake tambayar manemi ko zai bar ta ta ƙarasa karatu, haka ya kamata a gaya masa tun kafin a sa rana cewa akwai bashin karatu kaza a kanta, a ji ko zai bar ta ta nema ta biya, ko shi zai ɗauka. Maganar tana da nauyi a baki, na sani, amma ta fi sauƙi a gaban waliyyai a kan ta taso bayan an haifi 'ya'ya uku.

Ba ina cewa a guji bashin ba ne. Yarinyar da za ta bar karatu saboda kuɗin rajista, wallahi gara ta karɓa. Abin da nake cewa shi ne a karɓi daidai buƙata. Idan gida zai iya ɗaukar abincinta da kuɗin mota, ko da garin kwaki da yaji ne ake haɗa mata, to a tsaya a na rajista.

Kuma kafin a kai ga bashi, a fara ƙwanƙwasa ƙofar kyauta. Jihohinmu suna da hukumomin ba da tallafin karatu, akwai ta gwamnatin tarayya, akwai kuma asusun PTDF ga masu karatun da ya shafi man fetur. Wannan ba a mayarwa. A watan Agusta na 2023 gwamnatin Kano ta amince da biyan kusan Naira miliyan 700 na rajistar ɗalibai 7,000 'yan jihar a Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantunta. Kaduna ma ta rage nata a wannan wata. Irin wannan tallafi yakan makara, wani lokaci bai taka kara ya karya ba, amma yaron da bai cika fom ba ko kaɗan ɗin ba zai gani ba. Ki sa ya tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri.

Masu cewa "kuɗin gwamnati ne, wa zai biya?" su tuna an taɓa yi. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, an kafa hukumar bai wa ɗalibai bashi, da yawa suka ci suka ƙi biya, shirin ya durƙushe, na bayansu suka rasa. Kuma a wancan zamani babu BVN da za a bi sawun mutum da ita.

Sai abu na ƙarshe da ya kamata ki sa wa ido. A 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ɗalibai daga asusun ba su sanar da su ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Iyaye sun ciwo bashin unguwa sun biya rajista, alhali an riga an biya. Don haka ki ce wa yaronki ya riƙa duba shafinsa, ya buga takardar duk abin da aka tura da sunansa, ya kawo miki ki adana tare da rasit. Idan kun riga kun biya kafin kuɗin su iso, ya je ofishin kuɗi na makarantar da takardun nan biyu ya nemi a mayar masa da nasa.